Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Uwana Masu Sana'ar Hita Da Na'urar Sanyaya Ɗaki A New York Da Kewaye

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ku iyayena da yayyena da ƙannena a wannan sana'a, mutanen Kano da Sakkwato da Damagaram da Maraɗi da zangunan Kumasi da Ankara, waɗanda Allah ya haɗa mu a Bronx da Harlem da Newark muna neman halalinmu da gyaran boila da hita da na'urar sanyaya ɗaki, ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon Allah ya ƙara wa neman albarka. Dalilin wannan wasiƙa shi ne in jawo hankalinku ga wani reshe na sana'armu da yake buɗewa a gabanmu alhali mafi yawanmu ba mu waiwaye shi ba, wato ɗumama gidaje da sanyaya su ta hanyar amfani da zafin da ke ƙarƙashin ƙasa. Damuwata ita ce kada mu wayi gari nan da shekara goma, aikin ya bunƙasa, wasu sun kama kwangilolin, mu kuwa muna nan a matsayin yaran aiki da ake kira a ɗauko fayif a sauke injin, a biya mu kuɗin yini mu watse.

Asalin abin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a gida. Wanda ya taɓa jan guga da asubahin hunturu ya san ruwan rijiya yana fitowa da ɗumi, kuma rijiyar nan ce dai take ba da ruwan sanyi da tsakar ranar bazara, domin ƙasa ba ta bin sauyin iska idan aka yi nisa cikinta. A yankin New York, da zarar an wuce wasu 'yan mitoci, zafin ƙasa yana tsayawa tsakanin digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyos duk tsawon shekara, ko dusar ƙanƙara ta rufe titi ko zafin Yuli yana narka kwalta. Abin da ake yi shi ne a haƙa rami mai zurfi irin na rijiyar burtsatse, a zura baƙin fayif na roba mai ƙarfi wanda ya tafi ya dawo, a cike ramin da kwaɓin yumɓun bentonait, sannan a riƙa zagaya ruwa gauraye da maganin hana daskarewa a cikin fayif ɗin. A cikin gida kuma akwai famfon zafi, injin da ke da kwampireso da gas kamar kowace na'urar sanyaya ɗaki da muka saba buɗewa, wanda da sanyi yake kwaso zafi daga ruwan ya zuba cikin gida, da zafi kuma ya kwashe na gida ya mayar ƙasa. Saboda injin ɗauko zafi yake yi daga wani wuri zuwa wani, ba ƙona mai ba, kowane kilowat ɗaya na wutar da ya ci yana iya ba da uku zuwa biyar na ɗumi, abin da babu boilar gas ko ta mai da za ta taɓa kusanta.

Na tsaya a kan wannan bayani ne domin in nuna muku cewa rabin aikin yana hannunmu tun tuni. Wanda yake da takardar shaidar hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) ta sashe na 608, wadda ke ba da izinin aiki da gas ɗin na'urar sanyaya, ya iya auna gas, ya iya karanta zanen waya, ya iya haɗa bututun iska da famfon ruwa, ba zai ga wani abin tsoro ba idan ya buɗe famfon zafi na kamfanin WaterFurnace ko ClimateMaster ko Bosch. Abin da ya rage masa shi ne ilimin ɓangaren ƙasa da ilimin lissafi, kuma a nan ne kuɗin yake, a nan ne kuma ake yin ɓarna.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan gwaji ne da bai nuna ba. Tun a 1948 aka sanya irin wannan tsari a wani babban ginin ofisoshi a birnin Portland na jihar Oregon, kuma a ƙasar Suwidin gidaje dubu ɗaruruwa ne suke ɗumama da ramin da aka haƙa a bayan gida. Jami'ar Ball State da ke jihar Indiana ta fara aikinta a 2009, ta haƙa ramuka wajen 3,600 domin gine-gine 47, ta kashe tukwanenta na kwal a 2014. A nan Manhattan, babbar majami'ar St. Patrick, wadda yawancinmu mun sha wucewa ta gabanta, ta koma kan rijiyoyi goma tun 2017, wasunsu sun kai zurfin ƙafa 2,200 cikin dutse. A Brooklyn an gina manyan benaye na haya a Coney Island da Greenpoint waɗanda ramukansu suke ƙarƙashin harsashin ginin. A garin Framingham na jihar Massachusetts kuwa, kamfanin gas na Eversource da kansa ne ya shimfiɗa fayif a ƙarƙashin titi ya haɗa gine-gine fiye da talatin a kan tsari ɗaya, ya ƙaddamar a 2024. Idan mai sayar da gas ya fara haƙa rami domin ya sayar da ɗumin ƙasa, ya kamata mai gyaran boilar gas ya tsaya ya yi wa kansa lissafi.

Dokoki ma sun juya wa tsohuwar sana'armu baya sannu a hankali. Dokar birnin New York mai lamba 97 ta 2019 ta sanya wa gine-ginen da suka haura murabba'in ƙafa 25,000 iyakar hayaƙin da za su fitar tun daga 2024, za a ƙara tsananta ta a 2030, kuma tarar ita ce dala 268 a kan kowane tan na hayaƙi da aka wuce iyaka. Dokar mai lamba 154 ta 2021 ta hana sanya na'urorin ƙona gas ko mai a mafi yawan sababbin gine-gine, an fara da ƙananan benaye a 2024, manya kuma za su biyo baya a 2027. A matakin jiha, a 2022 aka sa hannu kan dokar da ta umarci manyan kamfanonin wuta da gas su fito da gwajin tsarin ɗumama unguwa guda da fayif ɗaya, aka kuma sanya sharuɗɗan albashi da horar da ma'aikata a cikinta, sannan a 2023 aka sassauta ƙa'idar da ke ɗaukar duk ramin da ya wuce ƙafa 500 tamkar rijiyar man fetur. Ba ina cewa boila za ta ɓace gobe ba ne, domin tsofaffin gidajen Bronx masu tururi za su ci gaba da ciyar da mu shekaru masu yawa, amma yaron da ya shigo sana'ar bana yana ɗan shekara ashirin ba zai yi ritaya a kan boila ba.

Akwai maganar da dole in faɗa muku ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin wasu dillalai har yanzu suna jan mutane da tsohon zance. Rangwamen haraji na kashi 30 cikin ɗari da gwamnatin tarayya take bai wa mai gida, wanda wata dokar tarayya ta 2022 ta tsawaita, an soke shi da dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2025, ya ƙare da ƙarshen Disambar 2025. Na gine-ginen kasuwanci da makarantu da wuraren ibada bai tafi tare da shi ba, jihar New York kuma tana da nata rangwamen na kashi 25 cikin ɗari mai iyaka, ga tallafin da kamfanonin wuta suke bayarwa a ƙarƙashin shirin NYS Clean Heat. Darasin da nake so mu ɗauka shi ne kada kowa ya gina shagonsa a kan rangwame, domin abin da majalisa ta bayar da hannun dama tana iya karɓewa da na hagu. A gina shi a kan gidajen da lissafinsu yake tsayawa da ƙafarsa ko da tallafin ya ragu, kuma waɗannan gidaje sanannu ne: na Westchester da Long Island da kwarin Hudson da Connecticut da ƙauyukan New Jersey, inda babu layin gas, ana ɗumama gida da man hita ko gas na tanki, ga fili a bayan gida da motar haƙa za ta iya shiga. A cikin birni, inda gas yake da sauƙi, wutar kamfanin Con Edison take da tsada, ga hanyoyin jirgin ƙasa da manyan magudanan ruwan sha a ƙarƙashin ƙafa waɗanda sai an nemi izini kafin a huda kusa da su, ƙaramin ɗan kwangila zai fi samun rabonsa ta shiga ƙarƙashin babban kamfani ya karɓi aikin cikin gini.

Yanzu bari in zo kan inda ake faɗuwa, domin shi ne zuciyar wannan wasiƙa. Al'adar da muka gada ita ce a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a haska tocila a jikin tsohuwar boila, a karanta ƙarfin da aka rubuta, a sayo sabuwa daidai da ita. A aikin boila wannan ganganci yana wucewa, domin ƙarin ƙarfi ba ya ƙara kuɗi mai yawa. A aikin ƙasa kuwa kowane tan ɗaya na ƙarfin inji, wato BTU (ma'aunin yawan zafi) 12,000 a awa, yana buƙatar rami na kusan ƙafa 150 zuwa 200 gwargwadon irin ƙasar, kuma kowace ƙafa kuɗi ce. A ce boilar da ke gidan an rubuta mata BTU 150,000, alhali idan aka zauna aka yi lissafin Manual J, wato lissafin yawan ɗumin da gida yake buƙata, aka auna tagogi da bango da rufi da inda iska take kutsowa, sai a tarar gidan 60,000 yake buƙata a daren da ya fi kowane sanyi. Wanda ya bi rubutun boila zai kai wa mai gida farashin tan goma sha biyu da rabi, mai gida ya sallame shi tun daga ƙofa. Wanda ya yi lissafi zai ce tan biyar, ramuka biyu masu zurfin ƙafa 500, tsakaninsu ƙafa 15 zuwa 20, kuma shi zai tafi da aikin.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne na rage rami domin a karya farashi. An taɓa kirana wani gida a bayan birni cikin watan Fabrairu, matar gidan ta miƙo mini takardar kuɗin wuta hannunta yana rawa, tana cewa an yi mata alkawarin sauƙi ga shi kuɗin ya fi na lokacin da take sayen mai. Da na soka ma'auni a bakin fayif ɗin da ke shigowa daga ƙasa, sai na tarar ruwan ya faɗi ƙasa da inda injin zai iya aiki, raɓa ta daskare ta yi fari a jikin fayif ɗin, kwampireso yana tashi yana mutuwa, hitar lantarki ta ko-ta-kwana ce kawai take ɗumama gidan dare da rana. Wanda ya yi aikin ya gajarta ramin, ƙasar da ke kewaye da fayif ta ba da abin da take da shi tun cikin Janairu ta ƙare. Injin lafiyarsa ƙalau, amma gyaran yana nufin a sake kawo motar haƙa a farfasa lambun da matar ta kashe kuɗi ta gyara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk maƙwabtanta sun ji labari, kuma a wannan layin babu wanda zai sake sauraron maganar ɗumin ƙasa ko daga bakin wa ta fito.

Haka nan sauran ƙananan abubuwan da ido ba ya gani bayan an mayar da ƙasa. Fayif ɗin ba a haɗa shi da gam ko ƙarfen ɗauri, da zafi ake narka bakunan biyu a manne su har sai leɓe biyu sun naɗo daidai a zagaye, kuma mai hannu yana gane haɗi mai kyau tun daga kallon wannan leɓen. Ana gwada shi da matsin ruwa kafin a rufe, a wanke shi da babban famfo da gudun da bai gaza ƙafa biyu a daƙiƙa ba har iska da yashi su fita sarai, a auna maganin hana daskarewa, a tabbatar kowane tan yana samun kusan galan uku na ruwa a minti. Kafin a taɓa ƙasa kuma sai an kira lamba 811 an zo an shata inda layin gas da na wuta suke. Idan an yi waɗannan yadda ya kamata, fayif ɗin ƙasa yana haura shekara hamsin, injin cikin gida kuma ya yi ashirin da ɗoriya, domin babu wani sashe nasa da ke waje yana shan ruwan sama da gishirin titi.

Wajibi ne kuma mu riƙa gaya wa kwastoma gaskiya tun kafin ya sa hannu. Famfon zafi na gama-gari yana ba da ruwa mai zafin kusan digiri 50 a ma'aunin Salshiyos, saboda haka ba zai yi aiki da tsofaffin lagiretocin tururi ba sai an sauya tsarin rarraba ɗumin gaba ɗaya, wani lokacin har da akwatin wutar gidan. Kuɗin farko yana da nauyi, sau da yawa ninki biyu ko fiye na famfon zafi mai jan iskar waje, wanda shi ma ya inganta ƙwarai a shekarun nan. Akwai gidan da amanar sana'a take nufin ka ce wa mai shi ya sayi mai jan iskar, ko ya fara toshe ɓarakar rufi da tagogi kafin komai. Wanda ka gaya wa haka ba ka yi asararsa ba, domin shi ne zai kai sunanka ga surukinsa mai babban gida da fili.

Wasunku za su ce ina muka ga kuɗin motar haƙa, wadda farashinta yake kai dala dubu ɗaruruwa. Amsar ita ce ba mu buƙatar ta. Masu haƙa rijiya suna nan da lasisinsu da inshorarsu, yawancinsu ba su san kwampireso ba kuma ba su da niyyar koyo, abin da suke nema shi ne wanda zai kawo musu aiki da zane ingantacce. Ƙarancin masu haƙa yana daga cikin abubuwan da ke jinkirta wannan kasuwa, don haka wanda ya ƙulla amana da mai haƙa guda ɗaya, yana biyansa a kan lokaci, ya riga abokan gasarsa da tazara mai yawa. Rabonmu shi ne lissafi da zane da haɗin cikin gida da bututun iska da tankin ruwan zafi, sai kuma kwangilar kulawa ta shekara-shekara, wadda mutane suke rainawa alhali ita ce take riƙe shago a watannin Afrilu da Oktoba lokacin da waya take yin shiru. Kamfanoni irin su Dandelion Energy, wanda ya fito daga ɗakin binciken Google a 2017, sun riga sun sanya wa gidaje masu yawa wannan tsari a jihar nan, kuma kowane inji daga cikinsu wata rana zai buƙaci mai gyara da ya san abin da yake yi, wanda zai iya isowa cikin dare.

Ga masu tambayar ko za a iya kai wannan fasaha gida, tunda masu haƙa burtsatse ba su da iyaka a Kano da Yamai, ina ba da shawarar a yi hattara. Zafin ƙasa yana bin matsakaicin zafin shekara na wurin, saboda haka a ƙasar Hausa yana kusa da digiri 30, kuma da yake sanyaya kawai ake buƙata, zafi za a yi ta turawa ƙasa shekara bayan shekara babu lokacin sanyin da zai kwashe shi. Yana iya yin amfani a asibiti ko otal da ke buƙatar ruwan zafi mai yawa, amma lissafinsa daban ne, kuma ba da zanen Westchester za a yi shi ba.

Abin da nake roƙo daga gare ku, musamman iyayenmu masu shaguna da motoci da lasisi, bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyar IGSHPA ta masu sana'ar famfon zafin ƙasa ta duniya, wadda aka kafa a 1987 a Jami'ar Jihar Oklahoma, tana ba da horo da takardar shaidar ƙwarewa, kuma shirye-shiryen tallafi na jihar nan suna neman irin wannan takarda kafin su sanya sunan ɗan kwangila cikin waɗanda aka amince da su. Ƙungiyar NY-GEO ta masu wannan sana'a a jihar New York tana yin taro duk shekara inda masu haƙa da masu zane da masu sayar da inji suke haɗuwa, kuma ya kamata a riƙa jin Hausa a wannan zauren. Mun iya adashi domin biki da kujerar Makka da kai gawa gida, to mu yi irinsa domin ilimi, ba tare da mun je banki mun ɗauko bashi mai ruwa ba. Kowane shago ya zaɓi yaro ɗaya mai kai, namiji ko mace, wanda Turancinsa da lissafinsa suka nuna, a biya masa kuɗin horon, a saya masa injin narka fayif da famfon wanke layi, waɗanda shaguna uku ko huɗu za su iya mallaka tare. Ku kuma ƙannena da kuke aiki a ƙarƙashin wasu, ku nemi shiga horon koyon sana'a na ƙungiyoyin ƙwadago na masu aikin fayif, domin manyan ayyukan unguwa-unguwa da ke tafe ta hannunsu za su bi.

Ina kuma ba da shawarar mu fara da namu. Akwai masallatai da makarantun Islamiyya na al'ummarmu da suka sayi tsofaffin gine-gine masu filin ajiye motoci, waɗanda kuɗin ɗumama su yake cinye sadakar Juma'a duk lokacin sanyi. Kwamitocin irin waɗannan wurare su ba mu dama mu yi musu lissafin Manual J kyauta, mu kawo mai haƙa ya duba filin, mu nemi akawun da ya san rangwamen da ya rage wa wuraren ibada ya fitar da adadin a rubuce. Idan lissafin bai tsaya ba, mu faɗa musu haka mu bar maganar. Idan ya tsaya, mun samu ginin da za mu riƙa kai kwastoma ya taɓa fayif da hannunsa ya ga takardar kuɗin wuta da idonsa. Ina neman shugabanninmu su sanya wannan batu cikin abubuwan da za a tattauna a zamanmu na gaba, kowane mai shago ya zo da sunan yaron da ya zaɓa da adadin da zai iya zubawa a wata.

Allah ya tsare mu a kan tsani da cikin ramuka, ya sa albarka a abin da muke kai wa iyalanmu.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Ɗan uwanku a sana'a, daga Bronx